Wasiƙa Daga Sheffield: Yadda Na Je Ƙauye Da Bas Da Ƙafa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, kai da iyali da Hajiya. Kwanaki ka tambaye ni a waya ko tunda na zo Ingila na taɓa ganin ƙauye, ko kuwa ƙasar duk birni ce. Na ce maka zan rubuto, don maganar ta fi ƙarfin waya. To, ranar Asabar da ta wuce na je ƙauye na yini, kuma ba da motar kowa ba: bas na hau, sauran na taka da ƙafa.

Sunan ƙauyen Eyam a rubuce, amma mutanen wurin "Iim" suke cewa, kuma haka za ka faɗa wa direba in kana so ya gane ka da wuri. Yana cikin Derbyshire, a yankin tsaunukan Peak District, wanda shi ne gandun shaƙatawa na ƙasa na farko da Birtaniya ta keɓe, a 1951. Daga nan Sheffield tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba.

Bari in fara da shiri, don nan ne bambancin ya fi fitowa. Mu a gida in za ka ƙauye, abin da za ka fara tambaya shi ne yaushe kasuwar garin take ci, don ranar ce ake samun mota. Ka yi sammako ka je tasha, ɗan kamasho ya nuna maka wadda take lodi, ka shiga ka zauna. Ƙarfe nawa za ta tashi? Sai ta cika. Ka tuna ranar da muka shiga mota tun hantsi za mu gaisuwar rasuwa, ba mu bar tasha ba sai da aka kira Azahar, ana jiran mutum biyu? A nan bas ba ta jiran kowa. Jadawalinta yana manne a jikin ƙarfen wurin tsayawa, yana kuma cikin waya, kuma ko kujeru duk babu kowa direba zai ja motarsa idan lokaci ya yi. Wadda na hau, mai lamba 65 da ke zuwa Buxton, mu bakwai ne a ciki muka bar gari, ba wanda ya damu.

Amma kada ka ɗauka ko'ina haka motoci suke birjik. A cikin gari ne bas ke zuwa duk bayan 'yan mintuna. Ta ƙauye kuwa tsakanin wata da wata yakan yi awa ɗaya ko biyu, ranar Lahadi ma sun fi ƙaranci. Shi ya sa mai hankali ba lokacin tafiya yake fara dubawa ba, lokacin bas ta ƙarshe mai dawowa yake dubawa, sannan ya tsara yininsa daga can ya dawo baya. Ni a takarda na rubuta lokutan biyun ƙarshe na sa a aljihu, saboda a cikin kwarurrukan nan sabis yakan ɗauke. In ta ƙarshen ta wuce ka, babu ɗan acaɓa, babu A Daidaita Sahu, babu akori-kura mai dawowa daga kasuwa da za ka ɗaga wa hannu ya ce hau baya. Sai dai ka kira tasi daga wani gari, kuɗin kuma zai ninka na bas ɗin sau da yawa.

Kuɗin mota fam 3 na biya zuwa, 3 dawowa. Gwamnati ce ta ƙayyade shi: daga farkon 2023 ta ce tafiya ɗaya a yawancin bas-bas na Ingila kada ta wuce fam 2, sai a farkon 2025 aka mai da shi fam 3. In ka juya shi zuwa naira zai kai wajen 6,000, za ka ce da tsada, amma a aljihun mai aiki a nan bai kai kuɗin rabin awar aikinsa ba. Babu kwandasta, babu ciniki, babu rigimar canji. Katin banki za ka ɗora a kan na'urar da ke gefen direba, ta yi ƙara, ka wuce. Tsofaffin da suka kai shekarun fansho kuwa kyauta suke hawa da katinsu, in dai ba a cunkoson safiya na ranakun aiki ba. Wannan ya tsaya mini a rai, don na tuna yadda Hajiya take ƙirga kuɗin mota kafin ta yanke shawarar zuwa duba 'yar'uwarta.

Abu guda da ba a rubuta a jadawali ba: sai ka miƙa hannu bas take tsayawa, in za ka sauka kuma sai ka danna ƙararrawa kafin a iso wurin. Watannina na farko a ƙasar nan wata ta taɓa wuce ni ina tsaye ina kallonta cikin ruwan sama, na jira awa guda cur. Tun ran nan ba na wasa da wannan.

Guzurina bai da yawa: ruwa, shayi a filas, burodi da ƙwai, dabino, ƙaramar sallaya mai naɗewa, rigar ruwa, da gorar roba da na tanada a madadin buta, don bayan gidan jama'a a nan takarda kawai za ka tarar. Takalmi shi ne abin da ya ci kuɗi. Ƙasar wurin ba ta bushewa, taɓo ne da ciyawa mai santsi, silifas ko takalmin zuwa ofis ba za su kai ka ko'ina ba. Sai kuma taswira ta hukumar safiyo, Ordnance Survey, mai lamba OL24. Yaya, wannan takarda abin kallo ce. Kowace katanga, kowane rafi, kowane gidan gona yana ciki, turbar ƙafa kuma an zana ta da ɗigo-ɗigon kore. Mu mun saba cewa matambayi ba ya ɓata, to a nan za ka yi tafiyar rabin awa cikin gonaki ba ka ga wanda za ka tambaya ba sai tumaki.

Turbar nan ita ce ainihin abin da ya sa na zauna rubuta maka wasiƙar. Gona ce ta mutum, da shingensa, da dabbobinsa a ciki, amma hanya ta ratsa ta tsakiyarta kuma doka ta ba kowa damar bi, baƙo ko ɗan gari. An kafa allo mai kibiya ruwan ɗorawa in ta masu ƙafa ce, shuɗiya in har mai doki da mai keke za su bi. Katangun gonakin duwatsu ne aka jera ba siminti ba laka, kuma inda turba ta ci karo da katanga an yi matakala, ko an bar 'yar tsaga tsakanin dogayen duwatsu biyu, wadda mutum zai ratsa a karkace amma saniya ba za ta iya ba. Na sa hannu na shafa ɗaya, gefenta ya yi sumul don yawan gogar jikin mutane. Manomi ba shi da ikon toshe ta. In ma ya yi huɗa ya ɓata ta, kwana 14 doka ta ba shi ya gyara. Kai ma mai wucewa akwai naka: ka bar ƙyaure yadda ka same shi, kada ka sauka daga turba, ka kuma ba saniya mai ɗan maraƙi wuri.

Ba kyauta suka samu wannan ba. A 1932 ɗaruruwan ma'aikata daga Manchester da Sheffield suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, lokacin masu ƙasa sun hana talaka shiga saboda farautar tsuntsaye, aka kama wasu, biyar suka yi zaman kurkuku. Dokar 1949 ce ta tilasta wa ƙananan hukumomi su zana kowace turba a taswirar hukuma. Ina tafe ina tuna burtalin da ke bayan gonar Baba, wanda muna yara garke guda yake wucewa a ciki ba ya taɓa dawa. Zuwana na ƙarshe na ga kowa ya ɗan ci taki biyu daga gefensa, har ya koma kamar hanyar keke. Mu ma muna da doka, ta gandun kiwo ta Jihar Arewa tun 1965, kuma dattawa sun san inda kowane labi ya bi. Abin da muka rasa shi ne a zana, a kafa alama, a kuma samu wanda zai tsaya a kai. Rigingimu nawa tsakanin manomi da makiyayi suka faro daga taki biyun nan?

Shi ƙauyen kansa, abin da ya fito da sunansa annoba ce. A 1665 aka kawo wa wani tela ƙunshin yadi daga Landan, ashe da ƙuma a ciki mai ɗauke da cutar. Mataimakin telan, George Viccars, shi ya fara rasuwa. Da abin ya tsananta a 1666, limamin cocin garin, William Mompesson, da wani tsohon limamin cocin, Thomas Stanley, suka shawo kan mutane a kan kowa ya zauna, kada wanda ya fita ya kai wa maƙwabta. Mutum 260 suka rasu, har da matar Mompesson ɗin, kabarinta yana nan a harabar cocin. A jikin gidajen an kafa alluna da sunayen waɗanda suka mutu a kowane gida. Na taka zuwa bayan gari inda ake kira Riley Graves, wani ɗan kewaye a tsakiyar gona, inda wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. Na daɗe a tsaye a wurin. Abin da ya zo mini shi ne umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa in annoba ta sauka a gari na waje kada ya shiga, na ciki kada ya fita.

Daga nan na kama turbar da ta gangara Stoney Middleton, tafiyar kamar mil guda. A kan hanya akwai dutsen iyaka, mai ramuka a samansa. A nan mutanen Eyam suka riƙa ajiye kuɗi cikin ruwan khal lokacin annobar don kashe cuta, maƙwabta su ajiye musu abinci su ɗauki kuɗin ba tare da an haɗu ba. Ramukan ba su fi shigar yatsa ba, ruwan sama ya cika su, wasu baƙi sun jefa sulalla a ciki. A kusa da wurin na shimfiɗa sallaya na yi Azahar. Wasu tsofaffi biyu da karensu suka zo wucewa, suka ja igiyar karen suka kewaye ni ta baya.

Ta fannin kaya da hidima kuwa, ƙauyensu ya juya mini tunani. Wuta, famfo, intanet, kwalta, motar kwasar shara, duk abin da ke birni yana nan. Amma mu a ƙauye ake samun araha, a nan kuwa ƙauye ya fi tsada. Kofin shayi da ɗan yankan kek sun ci mini fiye da kuɗin motar zuwa da dawowa. Gidajen ma masu hali da waɗanda suka yi ritaya ne suka fi saye. Ba kasuwa, ba mai ƙosai a bakin hanya, ba mai tsire, ba mai faci, 'yan shagunan da ke akwai kuma da la'asar sun fara rufewa. Abinci mai zafi galibi sai a mashaya, shi ya sa na dogara da guzurina. Ko kifi da dankali za ka saya, ka tambaya da wane mai aka soya.

Wani abu ya burge ni ƙwarai. A ƙofar wani gidan gona na ga akwati da kiret ɗin ƙwai a ciki, an rubuta farashi, ga gwangwani a gefe, ba mai tsaro. Ka ɗauka ka jefa kuɗi. Na sayi shida, kuma sa'a ce da 'yan sulalla a aljihuna, don na kusa manta kamannin tsabar kuɗi a ƙasar nan.

Sai dai duk yinin nan, Yaya, ba wanda ya ce mini daga ina, wurin wa ka zo. A kan turba kowa zai yi maka murmushi ya gaishe ka, abin da ba sa yi a cikin gari, amma iyakarta ke nan. Ƙofofi a rufe, titi shiru, ba yara, ba dattawa a gindin bishiya. Da a ƙauyenmu ne baƙo ya sauka haka, kafin ya kai masallaci an kawo masa ruwa a kwanon sha, an shimfiɗa tabarma, wani ya aika a damo fura, in dare ya yi masa kuma zauren mai gari yana nan. Ba wai mutanen nan ba su da kirki ba ne. Sun tsara komai ne yadda baƙo ba zai buƙaci kowa ba, ni kuwa na ji kewar a buƙace ni da gaisuwa in amsa.

Na isa bakin titi a Stoney Middleton saura minti 20, da gangan, kuma ta kusa da ta ƙarshe na nufa don in bar wa kaina rata. Ta iso ta makara da 'yan mintuna, na miƙa hannu tun daga nesa. Kafin Magariba ina ɗakina, takalmi duk taɓo, ƙwai shida ba wanda ya fashe.

In Allah ya kai mu bazara ina so in je Castleton, ita ma bas ɗaya ce daga nan, in hau tudun Mam Tor. Kafin nan ina da roƙo. In ka je gida ɗaurin auren nan, ka zaga bayan gonar Baba ka ɗauko mini hoton burtalin, ka kuma auna faɗinsa da taki. Ina so mu yi magana da mai unguwa a kansa in na zo, ko da duwatsu ne a kafa a gefe da gefe.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata maganin ƙafar yana hanya.

Ƙaninka.