Memorin Waƙoƙin Sama: Ya Cancanci Kuɗinsa, Amma An Bar Marubutan a Baya

A kasuwarmu ta mako-mako a yankin Sumaila akwai wani matashi mai rumfar cajin waya da yake tura wa mutane waƙoƙi, kuma cikin hajarsa akwai memori da ya cika da waƙoƙin bishara na Hausa waɗanda jigonsu duka sama ne: wurin da Yesu ya ce zai je ya shirya, da tashin matattu, da haɗuwar masu bi a gaban kursiyi. Kuɗinsa bai kai na kwanon masara biyu ba, yana aiki a ƙaramar waya da rediyo mai cin memori, kuma ba ya bukatar data, abin da yake da muhimmanci a ƙauyen da sabis yake zuwa yana ɗaukewa.

Mafi kyawun abin da ke ciki shi ne tsofaffin waƙoƙin sujada, domin an rera su a tsanake, baiti bayan baiti, ba a yanke ko ɗaya ba. A zaman makoki na ga amfaninsu sosai: aka ajiye rediyo a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, tsofaffin matan da ba su taɓa riƙe littafin waƙa ba suna bin kowane baiti da ka, har mai makokin ma ta ɗago kai ta karɓi amshi. Waƙoƙin zumuntar mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, masu tulu da kacau-kacau, su ma sun yi armashi, sai dai wasunsu da waya aka ɗauke su a cikin majami'a, ƙarar janareta tana danne muryoyin, kuma akwai waɗanda aka maimaita.

Babban aibin da ya dame ni kuwa shi ne babu sunan marubuci ko ɗaya. Lambobi kawai suke fitowa a fuskar waya, sai ka ce waƙoƙin sun tsiro ne da kansu, alhali wasunsu daga cikin azaba aka haife su, kuma sanin hakan yana sauya yadda mutum yake jin su.

Misali, waƙar cikin memorin da take tambaya ko za mu taru a bakin kogi, Robert Lowry ne ya rubuta ta a 1864, yana faston ikilisiyar Baftis a Brooklyn ta Amurka, a wani lokaci na tsananin zafi da annoba take ɗibar mutane a birnin, sai ya kai zuciyarsa ga kogin ruwan rai na Ru'ya ta Yohanna sura 22 a Littafi Mai Tsarki. Wanda ya taɓa ganin yadda kwalara take shiga gari da damina ba ya bukatar a yi masa bayanin halin da faston yake ciki. Ta kiran sunaye a sama kuma ta James Black ce, malamin makarantar Lahadi a jihar Pennsylvania. Kamar yadda labarin ya zo, ya kira sunan wata yarinya a ajinsa ba ta amsa ba saboda tana kwance ba lafiya, tunanin ranar da za a buɗe littafin rai ya hana shi sukuni har ya rubuta waƙar, yarinyar kuma ba ta tashi daga ciwon ba. Ya rubuta ta a 1893, shekarar da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas da nufin kawo bishara ƙasar nan, aikin da daga baya ya haifi ikilisiyar ECWA a 1954.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce Fanny Crosby, wadda ta makance tana da mako shida a duniya, ta rubuta waƙoƙi fiye da 8,000, ta rasu a 1915 tana da shekara 94. Idan ta zo maganar sama, ba titunan zinariya take sa wa a gaba ba, ganin fuskar Mai Ceto ido da ido take ɗoki. A ikilisiyoyinmu akwai dattawan da yanar ido ta rufe musu gani, kuma na tabbata da sun san makauniya ce ta tsara abin da suke rerawa, da sun riƙe shi da wani ƙarfi na dabam.

Hakkin matanmu ma ya shiga ciki, domin waƙoƙin zumunta da ke memorin wasu mata ne suka zauna suka tsara su, amma ko sunan ikilisiyarsu ba a ambata ba.

Ina ba da shawarar a saya, musamman domin tsofaffi da marasa lafiya da ba sa iya zuwa sujada. Sai dai a sa mai rumfar ya kunna memorin a gabanka kafin ka biya, a kuma roƙi shugaban mawaƙa ya saurare shi ya rubuta jerin waƙoƙin da marubutansu a takarda, domin mai rumfar ya riƙa haɗa wa masu saye da kwafi.