Shuɗiyar dawar da nake watsawa a gona: damina biyu da Aflasafe

Asarar kaji ce ta kai ni ga wannan kaya. Shekara uku da suka wuce ruwan ƙarshen damina ya kama mana masara a ƙasa, ta yi funfuna. Muka tsince wadda ta ɓaci muka barza wa kaji, kamar yadda kowa ke yi a garinmu. Ba a yi wata guda ba ƙwai ya ja baya, wasu suka fara mutuwa. Likitan dabbobi ya fede ɗaya ya nuna mini hantarta, ta kumbura ta koɗe. Ya ce gubar funfuna ce, afulatoksin. Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne ragowar masarar, wadda muka ga kamar lafiyarta ƙalau, da ita ake mana tuwo, da ita ake dama wa yara koko.

Gubar nan ba ta da wari, kuma ƙwaya na iya ɗauke da ita ido bai gani ba. Dahuwa ba ta kashe ta, suya ma haka, don haka tana bin gyaɗa har cikin ƙuli-ƙuli. Idan ta daɗe tana shiga jiki tana jawo sankarar hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. A Kenya, a 2004, mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara.

Malamin gona ne ya kawo mini Aflasafe. Da ka buɗe jakar, dawa za ka gani an rina ta shuɗi. An gasa ta don kada ta tsiro, aka shafe ta da irin funfunar guda huɗu na nan Najeriya waɗanda ba sa yin guba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ce ta samar da shi. Dabarar ta burge ni ƙwarai: marar gubar ce ke riga mai gubar kama wuri a gona, sai ta bi amfanin har rumbu. Masu binciken sun ce yana rage gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye.

Aikinsa ba wuya. Kilo 10 ke isar hekta ɗaya, da hannu ake watsawa, mako biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da fure. Sai dai a gama noma da huɗa da zuba taki tukuna, domin ba a so ƙasa ta binne shi. Yana kuma son laima. A shekarar farko na watsa rabin gona ana cikin ɗan fari, ƙwayoyin suka yi kwanaki a bushe har tsuntsaye suka tsince wasu. Ɗaya rabin da na watsa bayan ruwa, cikin mako guda na ga kore-kore ya lulluɓe ƙwayoyin, alamar ya kama ke nan.

Kada wani ya saya da zaton zai ƙara masa buhu. Ba taki ba ne, ba kuma maganin ƙwari ba ne. Har yanzu sai na shanya masara a kan tampol, na tabbatar ta bushe ƙayau, na ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Kuma kowace damina sai an sake saye, ga shi ba kowane shagon kayan gona ke ajiye shi ba. Bara sai da na aika birni.

Abin da ke mini ciwo shi ne kasuwa. Mai awo ba ya tambayar ko ka sa wani abu, kuɗin buhuna ɗaya da na wanda ya shanya tasa a bakin titi. Masu haɗa abincin kaji ne kaɗai suka auna guba a tawa, suka karɓa ba gardama, har suka ce in dawo.

Duk da haka ban yi nadamar kuɗina ba, tunda yawancin abin da nake nomawa cikin gidana yake ƙarewa. Bana jaka biyu na sa a ajiye mini, ɗaya ta masara, ɗaya ta gonar gyaɗar uwargida, wadda ƙuli-ƙulinta yaran unguwa ke saye kullum da yamma.