Gargaɗi ga masu motocin gudu: ana sayar da tsohon faifan birki da sunan sabon Brembo

Jama'a, akwai wani mai shafi a Instagram da ke tallar faifan birki da fad (abin da ke matse faifan idan an taka birki) na motocin gudu, Mustang, Charger, BMW M da Marsandi AMG, yana cewa kayan Brembo ne, wato sanannen kamfanin ƙera birki, kai tsaye daga Italiya, a kusan rabin farashin da aka sani. Ba zan kama suna ba, domin sauya sunan shafi a wurinsu ba komai ba ne, kuma ba shi kaɗai ke wannan sana'ar ba. Salon nasu zan bayyana.

Ba shi da shago. In ka nemi zuwa ka ga kaya sai ya ce suna sito, yaronsa ya fita da makulli. Zai turo bidiyon kwali mai sheƙi, ya ce saiti ɗaya ya rage kuma wani Alhaji na hanya, ka tura kafin alƙalami a ajiye maka. Asusun da zai bayar sunan wani ne daban. Wasu daga nan ake toshe su. Waɗannan ma a ganina sun tsira, kuɗi kawai suka rasa. Wanda aka aiko wa kayan ta tasha shi ne abin tausayi.

Na riƙe irin faifan a hannuna a garejin da nake gyara, wani matashi ya kawo a ɗaura masa. Daga nesa abin sha'awa: ramuka reras, tsakiya baƙin fenti, fuska na ƙyalli. Da bakaniken ya juya shi sai ga tsatsa ta yi kauri a cikin hanyoyin iskar da ke tsakanin fuskokin biyu, inda fenti bai kai ba. Tsohon faifai ne ɗan Beljiyam aka kai wurin masu juya ƙarfe, aka kankare fuskarsa, aka huda shi da injin huji. Bakin ramukan ma kaifi gare su, kana shafawa kana jin yana kama yatsa. Faifan da aka huda a kamfani ana dasashe bakin kowane rami, kuma an tsara inda ramin zai faɗa don kada ya ci ƙashin da ke riƙe da fuskokin. Nasu kuwa wasu ramukan a kan ƙashin suka sauka. Daga irin wurin nan tsagewa ke farawa idan ƙarfe ya ɗauki zafi ya huce.

Abin da ya tona asirin shi ne awo. Faifan kirki yana da rubutu a gefensa ko a tsakiya, MIN TH da lamba a milimita, wato kaurin da in ya kai sai a jefar. Tsakanin sabo da wannan iyakar galibi milimita 2 ne kacal. Wannan da ake kira sabo, da aka sa masa ma'auni, ya riga ya gangara ƙasa da lambar da ke jikinsa. Birki aikinsa mai da gudu zafi, kuma naman ƙarfen ne ke shanye zafin. Siririn faifai nan da nan yake ƙonewa, sitiyari ya kama rawa, ka taka ka ji motar na ci gaba da tafiya. A cikin gari ba lallai ka lura ba. Sai ranar da kake kan babban titi tirela ta shigo maka.

Fad ɗin ma haka. Na gaske yana da lambar kaya a bayansa, kuma wanda aka yi don titunan Turai yana ɗauke da alamar E da lambar 90R, shaidar ya cika ƙa'idar ECE R90. Da yawa kuma suna da haruffa biyu kamar FF ko GG, na farko ƙarfin kamu a sanyi, na biyu a zafi. Na mutumin nan fenti ne ja da tambari, sai ɗan gam da ya tsattsafo tsakanin ƙarfen da abin gogar. Har ma yana sayar da wani murfi ja da ake maƙalawa a kan kaliba, wato ƙarfen da ke riƙe da fad, don a ga kamar babban birki ne. Brembo ba sa yin wannan murfin, kuma ba ya ƙara komai sai tare iska.

Ƙaryar da ta fi ba ni dariya ita ce ta cewa faifan na kabon-siramik ne, wato irin wanda ba da ƙarfe ake yin fuskarsa ba. Saitin irin wannan faifan dubban daloli ne, kuma nauyinsa kusan rabin na ƙarfe. Sa maganaɗisu a fuskarsa: in ya manne, ƙarfen zubi ne aka shafa wa toka-tokan fenti.

Kada kuɗi ya fita sai kaya na gaban bakanikenka da ma'auni a hannunsa. A nemi lambar kayan a duba ta a kundin kamfanin a intanet, a ga ko ta dace da lambar shasin motarka. Kayan Brembo na ƙarin ƙarfi suna zuwa da lambar QR da ake haskawa da manhajar Brembo Check. In mai kaya ya fara kame-kame a kan wannan, ka kama gabanka.

Wani abu kuma da 'yan damfarar ke cin riba da shi: yawancinmu ba ma buƙatar faifai mai ramuka. Kyau ne ke jan mu. Motar da ba ta shiga filin tsere, faifai lafiyayye mara rami, fad na titi mai kyau da sabon man birki DOT 4 sun ishe ta. Fad na tsere zalla ma ba ya kamawa sosai sai ya yi zafi, ga ƙara, ga cin faifai.

Wanda ya riga ya ɗaura irin kayan nan, ya ajiye motar a cire taya a auna yau. Ya adana hirarsu da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa da wuri, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Kwalin da faifan kuma kada a yar, hukumar SON mai kula da ingancin kaya za ta buƙaci ganinsu.