Makonni shida ina koyon yadda Turanci ke soke doka

Fassara ce sana'ata, kuma mafi yawan abin da ke zuwa teburina takardun yarjejeniya ne da wasiyyoyi. Kuskuren da na tafka da hannuna ne ya sa na yi rajistar wani darasi na intanet kan kalmomin soke doka da yarjejeniya a Turanci. An ba ni wata takardar haya in mayar Turanci, a ciki ɓangarorin biyu sun amince a warware yarjejeniyar kamar ba a taɓa yin ta ba. Ni kuwa na rubuta "repeal". Lauyan da ya duba aikin ya ja layi da jan biro, ya rubuta a gefe cewa ai ba majalisa ce ta ba da hayar ba. Kwana biyu ina jin kunyar kaina.

Darasin na makonni shida ne, kowane mako bidiyo uku ko huɗu masu kamar minti goma, sai jarrabawa ƙarama, sai takarda guda da za ka gyara. Malamar tsohuwar lauya ce, tana magana a hankali, ba ta cika surutu ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta fara da jerin kalmomi da ma'anarsu ba. Tambaya biyu ta ce a riƙa yi kafin a zaɓi kalma: wa ke yin canjin, kuma a kan me yake yin sa? Nan take kaina ya waye. Mu da Hausa "soke" ɗaya ta ishe mu, amma Bature ya raba ta gida-gida. Majalisa ce ke yi wa doka "repeal". Wanda ya ba da lasisi ko izini shi ke yin "revoke", haka ma mai wasiyya idan ya janye wasiyyarsa. Kotu idan ta ga doka ta saɓa wa kundin tsarin mulki sai ta yi mata "strike down", idan kuma tsohon hukunci ta rushe sai a ce "overturn", kamar yadda Kotun Ƙolin Amurka ta yi a 1954 lokacin da ta haramta raba makarantun farare da baƙaƙe. "Abolish" kuwa ta tsarin da ya daɗe da kafuwa ce, irin cinikin bayi da majalisar Birtaniya ta hana a 1807.

Misali ɗaya ya zauna min daram. A 1919 Amurka ta ƙara gyara na 18 a kundin tsarin mulkinta, wanda ya hana sayar da barasa. A 1933 gyara na 21 ya zo ya soke shi. Ga "amendment", wato gyara, ga "repeal" a wuri guda, kuma har yau shi kaɗai ne gyaran da aka taɓa sokewa a can. Daga nan ta shiga "ratify", wato tabbatarwar jihohi: sai kashi uku cikin huɗu sun yarda, jihohi 38 ke nan cikin 50. Gyara na 27 an gabatar da shi tun 1789, bai samu cikar adadin ba sai 1992. Na sake duba shekarun sau biyu, don na zaci kuskuren rubutu ne.

Mako na huɗu shi ne nawa, domin a nan aka taɓa inda ke min ƙaiƙayi. Kalmar da lauyan nan yake so ita ce "rescind": a mayar da kowa inda yake kafin a sa hannu, wanda ya karɓa ya mayar. "Terminate" daban ce, ana tsayar da yarjejeniya daga yau, abin da ya wuce ya wuce. Ita kuwa "annul" cewa take abin bai da inganci tun asali, kuma an kawo misalin Magna Carta, takardar taƙaita ikon sarki, wadda Sarki John na Ingila ya amince da ita a watan Yunin 1215, Paparoma Innocent na Uku ya rushe ta a watan Agusta na shekarar. Na kuma koyi cewa ƙarin da ake yi wa wasiyya "codicil" ne ba "addendum" ba, kuma a dokar Ingila shi ma sai da shaidu biyu, kamar wasiyyar kanta.

To amma ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa ƙuda. Darasin ya jingina da Amurka fiye da kima. Ko sau ɗaya ba a ambaci cewa kundin Ostireliya, a sashe na 128, "alter" yake cewa ba "amend" ba. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne "table". An koyar da cewa idan majalisa ta yi wa ƙudiri haka, ta ajiye shi gefe ke nan. A Amurka gaskiya ne. A majalisar Birtaniya kuwa kishiyarsa ake nufi, wato an gabatar da shi don a tattauna. Mai fassara da ya riƙe ma'ana ɗaya zai iya kashe ƙudirin da yanzu aka haifa.

Jarrabawowin ma sun yi sauƙi, zaɓi ɗaya cikin huɗu, kuma sau da yawa biyu daga ciki ko yaro ya san ba su ba ne. Takardun gyarawa na ƙarshen mako su ne aikin gaske, sai dai na'ura ke dubawa, ba ta gaya maka dalilin da ya sa ka faɗi.

Mai fassara ko sakataren da ke rubuta bayanan taro zai amfana sosai. Lauya ba zai samu sabon abu ba. Ni dai na rubuta tambayoyin nan biyu a ƙaramar takarda na manna a gefen kwamfutata. Na kuma aika wa masu darasin saƙo kan batun "table" tun mako na biyar, na samu amsar cewa sun gode za su duba, bidiyon kuwa yana nan yadda yake.