Hattara da mai cewa "bari in ɗana": gargaɗi ga masu sayar da babur a Kaduna

Jama'a, duk mai shirin sayar da babur ɗinsa da kansa, ba ta hannun dillali ba, ya buɗe ido. Akwai masu bibiyar hotunan da ake sawa a Facebook da WhatsApp, musamman Boxer da Haojue masu lafiya, don su ne ba sa kwantai.

Mutumin zai kira, ba zai ja ciniki ba, ragin da zai nema kaɗan ne. Shi zai zaɓi wurin haɗuwa, kuma kullum bakin babban titi ne, irin su Kawo ko Mando, inda da ya sha kwana ɗaya zai ɓace maka. Zai zo da wani, ya ce ƙaninsa ne. Ya duba taya, ya taɓa sarƙa, ya kasa kunne ga ƙarar inji kamar mai saye da gaske, sannan ya ce, "Alhaji, bari in ɗana zuwa shataletalen can, ga ƙanena nan." Sai shiru ta yi yawa ka tambayi ƙanen, ka tarar yaro ne da aka ɗauko a tasha aka ba shi na goro ya yi rakiya. Ko sunan mutumin bai sani ba. Wasu jaka suke bari cike da yankakkun takardu, wasu matacciyar waya, wasu makullin motar da babu ita.

Mutum ba jingina ba ne, jaka ma haka. Jinginar babur kuɗinsa ne cif, kuma ka gan su a asusunka. Kada ka yarda da saƙon alat ko hoton rasit da ya nuna maka a wayarsa, duk ana haɗa na bogi. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun ƙaru, sannan makulli ya bar hannunka. In ya ɗana bai yi masa ba, ka mayar masa da abinsa.

Kai za ka zaɓi wuri, da rana tsaka: garejin bakanikenka, ko fili mai ƙofa ɗaya da mai gadi. Ka je da mutum biyu, ɗaya da nasa mashin. In mai saye ya ƙi biya kafin gwaji, kai ka tuƙa ya hau baya, ko bakanikensa ya duba inji a gabanka. Mai a tanki kada ya wuce rabin lita. Takardun asali kuwa su zauna a gida sai an gama biya, domin wasu suna sa rasit a ƙarƙashin kujera, ɓarawo ya tafi da babur da hujjarsa gaba ɗaya.

Tun kafin ka sa talla, ɗauki hoton lambar inji da ta shasi da lambar rajista. In aka gudu da shi, da su za ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa a take, ba washegari ba, don sau da yawa a daren ake wargaza shi a sayar da kayan ɗaya-ɗaya, ko a fitar da shi daga jihar.

In ciniki ya faɗa, a rubuta takardar yarjejeniya: sunan mai saye, adireshi, kwafin katin NIN, lambobin nan uku, kwanan wata, da sa hannun shaidu biyu. Kowa ya riƙe kwafi. Babur ɗin da aka kama a wurin aika-aika, mai sunan da ke takarda ake fara nema, kuma wannan yarjejeniyar ce za ta wanke ka.