ProgArchives: rariyar tace kiɗan furog, da inda take barin tsakuwa ta wuce

Mai son kiɗan furog, wato salon rok ɗin da Turawa ke kira progressive rock, ba rashin abin sauraro ne matsalarsa ba. Yawan abin ne yake shan kansa. Lissafin ba shi da wuya. Kundi ɗaya, wato tarin waƙoƙin da aka fitar tare, irin na zamanin faifan garmaho yana cin kamar minti 45. Wanda ya ware awa ɗaya kullum, ba fashi, zai iya jin kundi kusan 480 a shekara, kowanne sau ɗaya tak. Shi kuwa wannan kiɗa ba ya buɗe wa mutum ƙofa a ji na farko, sai an maimaita kamar sau uku, don haka adadin ya faɗo zuwa 160. A can shafin ProgArchives kuma ƙungiyoyin makaɗan da aka jera sun haura dubu goma, kundayensu sun ninka haka sau da yawa. Ko mutum ya bar aiki ya bar barci ba zai ga ƙarshensu ba.

Wannan sharhi a kan shafin ne, a matsayin abin da zai taimaka wa mutum ya zaɓa. Hukuncin a taƙaice: yana da amfani ƙwarai ga wanda ya ɗauke shi taswira, yana kuma ɓatar da wanda ya ɗauki taurarin makin da ake ba kundaye a cikinsa tamkar hukuncin alƙali.

Kyauta ne, da Turanci aka rubuta shi, kuma ba wurin sauraro ba ne. Abin da ke ciki shi ne tarihin kowace ƙungiya, jerin ayyukanta bisa shekara, sunayen makaɗa da abin da kowa ya kaɗa, sai maki da sharhin masu sauraro. An raba ayyukan kowace ƙungiya gida-gida: na sutudiyo daban, na wasan da aka naɗa a gaban jama'a daban, sai bidiyo, sai tarin tsofaffin waƙoƙi da aka sake haɗawa, sai ƙananan faifai. Sabon shiga ya tsaya a gidan farko kawai. Wannan kaɗai ya rage masa kaya mai yawa, domin akwai ƙungiyoyi irin su King Crimson da faifan wasanninsu na dandali suka ninka na sutudiyo nesa ba kusa ba.

Babban abin da ya fi komai amfani a shafin shi ne rabon salo. An karkasa kiɗan zuwa rukunoni sama da ashirin, kuma duk da gardamar da masana ke yi kan iyakokinsu, suna gaya wa kunne abin da zai tarar. Symphonic Prog shi ne gidan Yes da Genesis da Camel: dogayen waƙoƙi masu sassa, da amon Mellotron, wata na'ura mai kama da fiyano da kowane maɓallinta ke kunna guntun kaset mai ɗauke da sautin goge ko sarewa ko muryoyi na kamar daƙiƙa takwas. Canterbury Scene, mai ɗauke da sunan garin Kantabari na Ingila, ya fi sauƙin kai, akwai ɗanɗanon jaz da barkwanci, nan Caravan da Soft Machine suke. Rock Progressivo Italiano na mutanen Italiya ne masu rera waƙa da harshensu, irin su Premiata Forneria Marconi da Banco del Mutuo Soccorso da Le Orme. Krautrock na Jamus ya fi dogara da maimaita bugu ɗaya har ya zauna a jiki. Neo-Prog ya taso a farkon shekarun 1980 da Marillion da IQ da Pendragon. Progressive Metal kuma na masu son jita mai nauyi ne, irin Dream Theater.

Akwai rukunoni biyu da ya kamata a gargaɗi baƙo a kansu, domin makinsu a shafin yana da yawa kuma suna korar mutum idan da su ya fara. Na farko Zeuhl, salon da ƙungiyar Magma ta Faransa ta kafa, wadda shugabanta Christian Vander ya ƙirƙiro harshen da suke waƙa da shi. Na biyu RIO/Avant-Prog, wanda ya samo suna daga wani taron kiɗa da ƙungiyar Henry Cow ta shirya a Landan a watan Maris na 1978, ta gayyato makaɗa daga Beljiyam da Suwidin da Italiya da Faransa waɗanda kamfanonin faifai ba sa so. Kiɗa ne mai kyau, amma ba da tuwo mai zafi ake yaye yaro ba.

Sai dai a rabon nan ne tsakuwa ta farko ke wucewa. Shafin yana lakaba salo ne a kan ƙungiya gaba ɗayanta, ba a kan kowane kundi ba. Genesis tana ƙarƙashin Symphonic Prog, to duk abin da ta fitar can yake, har da Invisible Touch na 1986, wanda kiɗan rediyo ne zalla, ba ruwansa da abin da suka yi a 1972. Miles Davis, makaɗin jaz ɗin nan na Amurka, ya shigo ta ƙofar Jazz Rock/Fusion saboda ayyukansa na ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970, amma ya shigo da duk kayansa, har da Kind of Blue na 1959, wanda jaz ne zalla. Maganin wannan shi ne duba shekara kafin komai. Ga manyan ƙungiyoyin Ingila, tsakanin 1969 da 1977 ne zuciyar abin take. Wanda kuma yake son lakabin salo a kan kowane kundi sai ya haɗa da shafin Rate Your Music, domin can haka suke yi. Rukunonin Prog Related da Proto-Prog kuwa, wato na masu ɗan alaƙa da furog da na waɗanda suka share masa fage, inda za ka tarar da Queen da Led Zeppelin da The Beatles, tsallake su kawai. Ba don kiɗan ba shi da kyau ba, sai don ba shi ka zo nema ba.

Yanzu batun taurari, wanda nan ne aka fi yin kuskure. Makin daga ɗaya zuwa biyar ne, babu rabin tauraro, kuma kowane mataki da ma'anarsa. Biyar na nufin gwanintar da ba a wuce ta. Huɗu na nufin ya cancanci shiga tarin kowane mai son salon. Uku na nufin yana da kyau amma ba dole ba ne. Biyu na masoyan ƙungiyar ne kaɗai, ɗaya kuma na wanda ya rantse sai ya tara komai. Wajen fitar da matsakaici, ƙuri'ar wanda ya rubuta sharhi ta fi ta wanda ya danna tauraro ya wuce nauyi, ta ma'aikatan sa-kai na shafin kuma ta fi duka. Tsarin yana da hankali, amma ba ya hana abu biyu.

Na farko, masoya ne suka fi ba da maki. Ba kowa ne zai zauna ya ji kundi na goma sha biyar na wata ƙaramar ƙungiya ba sai wanda ya riga ya kamu da sonta, shi kuwa hannunsa a buɗe yake. Saboda haka 4.30 da mutum goma sha biyu suka bayar bai kama ƙafar 4.05 da mutum ɗari takwas suka bayar ba. Kullum a dubi adadin masu ƙuri'a da ke kusa da makin. Abin da bai kai hamsin ba, a ɗauke shi jita-jita. Sabon kundi ma haka: watannin farko makinsa kan yi sama saboda zumuɗi, daga baya ya sauko inda ya dace. Ba shi wata shida kafin ka yarda da lambarsa.

Na biyu, saman babban jerin kundayen da suka fi maki a shafin kusan kullum fuskoki ɗaya ne: Close to the Edge na Yes da Thick as a Brick na Jethro Tull, duka na 1972, Selling England by the Pound na Genesis na 1973, In the Court of the Crimson King na King Crimson na 1969, Wish You Were Here na Pink Floyd na 1975. Sun cancanta, ba musu. Amma wanda ya bi jerin daga lamba ɗaya zuwa ƙasa zai shafe watanni yana zagaye a Ingila ta shekarun 1970, ya ɗauka iyakar duniyar ke nan. Shafin jerin yana da wuraren tacewa, kuma su ne ainihin rariyar: ana iya zaɓar salo, ƙasa, shekara, nau'in faifai, da mafi ƙarancin adadin ƙuri'u. Ka sa salo ɗaya, ka sa na sutudiyo kawai, ka sa ƙuri'a ɗari a ƙalla, dubban nan sai su koma jerin da ido zai iya ɗauka.

Tsarin da ke aiki ga mai awa ɗaya a rana shi ne salo ɗaya duk mako biyu. Daga jerin da aka tace a ɗauki kundi huɗu daga ƙungiyoyi huɗu mabambanta, kada a ɗauki biyu daga gida ɗaya. Kowanne a ji shi sau uku a ranaku daban-daban, ka ga kwana goma sha biyu ke nan, sauran biyun na komawa ga wanda ya fi kama zuciya. Ji na farko a bar shi ya wuce daga farko zuwa ƙarshe ba tsallake. A na biyu a bi kayan kiɗa ɗaya, ganga ko jitar bes, a ga inda bugu ke canzawa, domin makaɗan nan suna son ƙirga bakwai ko biyar a inda kunne ya saba da huɗu. A na uku ne ake yanke hukunci, a rubuta layi ɗaya a littafi ko a waya: suna, shekara, a ci gaba ko a bari. Wanda bai rubuta ba, bayan wata uku zai tsinci kansa yana sake jin abin da ya riga ya ƙi. Idan duka huɗun ba su shiga ba, a rufe wannan salon a wuce. A wata goma mutum ya leƙa kusan kowane ɗaki na gidan, ya san biyu ko uku da zai zauna.

Sharhin da ke ƙarƙashin kowane kundi shi ma akwai dabarar karanta shi. Na masu tauraro biyar yawanci yabo ne da kirari. Na masu uku da biyu su ne ke faɗin gaskiyar kaya: muryar mawaƙin tana da tsini, gefen faifai na biyu ya yi sanyi, naɗin sautin ya dushe. Idan aibin da suka ambata ba ya damunka, kundin naka ne. Kuma idan ka lura wani mai sharhi ra'ayinsa ya zo ɗaya da naka sau uku ko huɗu, danna sunansa ka ga sauran abin da ya yaba. Mutum ɗaya mai kunne irin naka ya fi matsakaicin mutum dubu amfani.

Tsawon waƙa ba zai tsorata wanda ya saba da makaɗan fada masu shafe rabin awa a waƙa guda ba, amma tsawon kundi abin lura ne. Faifan garmaho yana ɗaukar kamar minti ashirin da 'yan kai a kowane gefe, wannan ya tilasta wa makaɗan da su zubar da abin da bai kai ba. Da faifan CD ya zo da wurin kusan minti tamanin, sai ƙungiyoyi da yawa na shekarun 1990 zuwa yau suka riƙa cika shi fal, wasu har biyu. Shafin yana rubuta tsawon kowace waƙa da jimillar lokaci, a duba kafin a fara. Tagwayen faifai irin Tales from Topographic Oceans na Yes na 1973, waƙa huɗu a kusan minti tamanin, a ajiye su sai an saba da ƙungiyar.

Wata matsalar tana faruwa ne lokacin da aka tashi daga shafin zuwa manhajar sauraro. Ka nemi kundi mai waƙa biyar, Spotify ko YouTube su kawo maka bugun da aka faɗaɗa mai waƙa ashirin, cike da gwaje-gwajen sutudiyo da ba a yi niyyar fitarwa ba tun asali. A nan jerin waƙoƙin da ProgArchives ya rubuta na bugun farko yake aiki: ka bi shi, inda ya tsaya ka tsaya. Za ka kuma ga bugun da aka sake haɗa sautinsu, musamman waɗanda makaɗin Ingila Steven Wilson ya yi wa King Crimson da Jethro Tull da Yes. Sautinsu ya fi fitowa fes, kuma ba laifi a fara da su, amma a zaɓi ɗaya, kada a ɓata mako ana gwada bugu uku na abu guda.

Ga mai sayen data da kuɗinsa, ga lissafi. Sauraro a inganci na 320 kbps, wato ma'aunin kyan sauti a manhajar sauraro, yana cin kamar MB 2.4 a minti, wato kusan MB 108 a kundi mai minti 45. A 160 rabin haka ne, a 96 kuma kamar MB 32. Tunda sau uku za a ji, saukewa sau ɗaya ya fi. Kada a sauka ƙasa da 160 idan da hali, kuma a sa abin kunne mai kyau, domin kiɗan yana da wurare masu sanyi ƙwarai da lasifikar waya ke haɗiyewa. Sababbin ƙananan ƙungiyoyi kuwa sau da yawa a shafin sayar da kiɗa na Bandcamp ake samunsu, inda ake iya ɗanɗanawa kafin a saya.

Fasalin shafin tsoho ne, rubutun ƙanana, shafukan manyan ƙungiyoyi dogaye ne masu nauyin buɗewa a waya saboda hotunan bangon faifai da talla. Ya fi daɗi a kwamfuta. Hanya mafi sauƙi ita ce a shiga sau ɗaya a farkon kowane mako biyu, a tace, a kwafi sunaye huɗun da shekarunsu da adadin waƙoƙin bugun farko, a rufe shafin. Zama a cikinsa kullum yana ƙara wa jerin "zan ji wata rana" tsawo ne kawai, kuma idan jerin nan ya wuce sunaye ashirin, a goge na ƙasa kafin a ƙara sabo.