Wace na'urar awon hawan jini mai ciwon suga zai saya?

Mai ciwon suga in ya samu 'yan kuɗi, na'urar gwajin suga yake fara nema. Ba laifi. Sai dai abin da ke cinye ƙoda da zuciya a ɓoye, har ya kai mutum layin wankin ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano ko ya jawo shanyewar ɓarin jiki, galibi hawan jini ne da ya haɗu da sugan. Likitoci sun fi son awon mai suga ya zauna ƙasa da 130/80, kuma wanda ke ƙauyukan Haɗeja, Gumel ko Rano ba zai san inda ya kwana ba in sai ranar kasuwa ake auna shi.

Na'urar awon jini ta wuyan hannu, a ƙyale ta. Hannu na ɗan sauka ƙasa da saitin zuciya lamba ta canza. Mai agogo da ake matsawa da hannu kuwa ta ma'aikatan lafiya ce, tana son kunnen da ya ƙware, kuma faɗuwa ɗaya kan karkatar da allurarta. Agogon hannu da ake cewa yana awon jini, ado ne.

Mai batir da ake ɗaurawa a damtse ita ce ta saye. Omron M2 ko M3 da Microlife suna cikin waɗanda aka gwada ingancinsu. Yawancinsu batir huɗu suke ci, ba ruwansu da wutar Nepa, suna ajiye awon baya, suna kuma nuna alama in bugun zuciya ba ya tafiya daidai, abin da ya kamata likita ya sani. A sa mata batir mai kyau, don na araha kan zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki. In za a daɗe ba a taɓa ta ba, a cire su.

Kafin a tambayi kuɗi, a duba ɗamarar, wato abin da ake naɗawa a damtse. Nan aka fi cin kuɗin mutane. A ari tef ɗin tela a auna kewayen tsakiyar damtse: matsakaiciya daga santimita 22 zuwa 32 take, babba daga 32 zuwa 42, kuma a jikinta ake rubutawa. Ƙaramar ɗamara a babban damtse sai ta ɗaga lamba, a ƙara wa mutum maganin da bai buƙata, ya riƙa jiri in ya miƙe. Babba a hannun tsoho siriri kuma sai ta sauke lamba, a zauna ana hamdala alhali jinin yana sama. Mai shago zai ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Jabu sun cika gari, kwalin har ya fi na gaske sheƙi. A duba ko lambar jikin na'ura ta dace da ta kwali, a nemi takardar garanti da rasit. A auna sau uku a shagon, minti ɗaya tsakani. In lamba na tsalle daga 120 zuwa 160, a ajiye ta. A kasa kunne ga tiyo, ko yana huci. A yi yarjejeniya da mai shago cewa za a kai ta asibiti a gwada da tasu a hannu ɗaya, in bambanci ya wuce 10 za a dawo da ita. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya san abin da yake sayarwa. Ta gwanjo kuma, ba wanda ya san faɗuwa nawa ta yi.

Waɗanda suka fi jabun sharri su ne masu yawo da kwamfuta ranar kasuwa. Ka riƙe wani ɗan ƙarfe, allo ya ce ƙodarka ta yi datti, sai a miƙo maka jarkar maganin wanke ta. Babu ƙarfen da ke ganin ƙoda, kuma jiƙon da ba a san haɗinsa ba kan ƙarasa wadda ta raunana. Haka haɗin ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla: diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda, suna kuma ɗaga hawan jini.

Wajen awo, a huta minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, babu goro, shayi ko taba na minti 30. Awo biyu da safe kafin magani, biyu da yamma, kwana 7 kafin ganin likita, a rubuta a littafi.

Ita ma ta damtsen ba ta ganin ƙoda. Wannan sai gwajin furotin a fitsari da na kiriyatinin (dattin da ƙoda ke tacewa) a jini, aƙalla sau ɗaya a shekara. In an ɗora mutum a kan lisinopril ko losartan, magungunan hawan jini masu kare ƙoda, a sake gwajin jini cikin mako biyu zuwa huɗu, kada a haɗa biyun, kuma mai juna biyu ba ta shan ko ɗaya.